Na Ga Tabon Ƙuna a Jikin Ɗalibata: Dole Ne In Kai Ƙara?

Tambaya: Barista, ni malamar Islamiyya ce a Agege. Akwai yarinya 'yar shekara 9 a ajina da aka kawo daga Arewa riƙo wurin gwaggonta. Sau da yawa tana zuwa da shatin bulala, wannan makon kuma na ga ƙuna a cinyarta kamar ta dutsen guga. Shugaban makaranta ya ce in yi shiru, za a sasanta a gidan mai unguwa. Ina tsoron a ce na yi ƙazafi.

Amsa: Malama, Allah Ya saka da alheri da ba ki kau da kai ba. A Legas, shirun malami a irin wannan hali ba zaɓi ba ne.

Jihar tana da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2007, kuma a wurinta duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. A 2014 Gwamna Fashola ya sa hannu a wani umarni da ya wajabta wa malamai, shugabannin makarantu da jami'an walwala kai rahoton cin zarafin yara. A 2016 Gwamna Ambode ya ƙara da tsarin kare yara da ya haɗa makarantu da asibitoci da gidajen marayu, na gwamnati da masu zaman kansu. Ki ɗauka Islamiyyarku na ciki.

Abin da ke ɗaure mutane shi ne batun hujja, don haka bari in tsaya a nan. Ba a ce sai kin tabbatar ba. Zato mai dalili ya isa, kuma ƙuna mai siffar guga a cinyar yarinya dalili ne. Bincike aikin hukuma ne. Ƙazafi shi ne ƙirƙirar ƙarya don ɓata wani. Wanda ya faɗa wa hukuma abin da idonsa ya gani, da zuciya ɗaya, bai shiga wannan sahu ba. Abin da zai jefa ki cikin rigima shi ne ki ɗora hoton yarinyar a Facebook ko zauren WhatsApp na iyaye, ko ki kama sunan gwaggon a bainar jama'a. Kada ki yi.

Yau ɗin nan ki ɗauki littafi ki rubuta kwanan wata, inda tabon yake, girmansa, da abin da yarinyar ta faɗa da bakinta, ba ƙari. Kada ki titsiye ta da tambayoyi, kada ki saka mata magana a baki, kuma kada ki tunkari gwaggon, domin yarinyar ce za ta kwana a gidan. Sannan ki kira hukumar DSVA ta Legas, mai kula da cin zarafi a gida da na lalata, a layinta na kyauta 08000 333 333. Ki roƙi a sakaya sunanki. In kin ga ran yarinyar na cikin haɗari, ki kira 112 ko ki nufi caji ofis mafi kusa. Idan kuma ta ambaci wani ya taɓa ta ta hanyar banza, a garzaya da ita Cibiyar Mirabel da ke asibitin LASUTH a Ikeja, inda ake duba waɗanda aka yi wa lalata kyauta. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 da faruwar abin yake aiki. Lalata da yaro a dokar laifuka ta Legas ɗaurin rai da rai ne.

Batun sasanci kuwa, ina girmama masu unguwanninmu, suna kashe wutar rigingimu da yawa tsakanin Hausawan Legas. Amma ƙona yaro laifi ne da hukuma ke tuhuma, ba rikicin maƙwabta ba, kuma karɓar kuɗi don a rufe babban laifi shi ma laifi ne. Ki sanar da shugabanku a rubuce, ki ajiye kwafi. Ƙin yardarsa bai sauke miki nauyin ba.

Kada fargabar raba zumunci ta hana ki. Jami'an walwala ne za su fara zuwa, Kotun Iyali kuma za ta duba maslahar yarinyar: ko a mayar da ita ga iyayenta, ko a ba wani ɗan'uwa amintacce. In aka yi miki barazana ko aka sallame ki saboda wannan, Ofishin Lauyan Jama'a na jihar, OPD, na tsaya wa marasa hali kyauta.