Tambaya da Amsa: Daga ina ruwan hunturu yake zuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Gaya ta Jamhuriyar Nijar ne amma a Kano nake kasuwanci. Duk sanda na je gida da hunturu sai in tarar kogin Kwara ya cika ya batse, alhali rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba. Daga ina ruwan nan yake fitowa?

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan saman ƙasar Gini ne ka gani, ya makara a hanya. Kogin nan yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, tazarar kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi sahara, ya yi zagayen fiye da kilomita 4,000 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya.

A ƙasar Mali yake ɓata lokaci. Daga wajejen Jenne da Mofti zuwa kusa da Tumbutu ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ruwa ya rasa gangara, sai ya bazu ya zama wata makekiyar fadama. Watanni yake yi yana jan ƙafa a wurin, rana ta sha rabonta, laka ta kwanta. Shi ya sa ba ya kai ƙoli a Yamai sai wajen Janairu, kuma yana isowa a tace. Masu auna ruwa na ce masa baƙin ruwa, don bambanta shi da jan ruwan damina da rafuka irin su Sirba ke kwararowa da shi.

Wannan jinkirin kuwa shi ne arzikin kogin. A cikin fadamar akwai ciyawar da ake kira burgu (ba burgun ɓera ba), wadda ke tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa. Cikinta kifi ke zuba ƙwai, ƙanana su ɓuya har su yi ƙwari. Agwagin daji da wasu tsuntsaye sama da miliyan guda na baro sanyin Turai su sauka can. Da ruwa ya fara janyewa, Fulani su tsallako da shanu ta garin Jafarabe su ci abin da ya rage.

Na taɓa shiga kwalekwale da wani dattijo Basarke da asuba. Muna ratsa ciyayi sai ya ɗaga filafili, ya nuna min wasu guntayen ciyawa na yawo a kan ruwa, an datse su kamar da lauje. Ya ce ayu ne ya yi kiwo da dare. Mun jima shiru, ni dai ban ga komai ba sai kumfa. Dabbar nan numfashi take yi a sama, tana shayar da ɗanta nono, ɗa guda take haifa bayan cikin kusan shekara, don haka kashe guda ba ƙaramar asara ba ce. Dorina kam ba ta ɓuya; je garin Ayoru a Nijar ka sha kallo, amma daga nesa.

Abin da ke damuna shi ne madatsu. Madatsun Markala da Selinge a Mali na riƙe ruwa tun kafin ya kai fadamar, kuma duk abin da aka rage a can, masuncin Gaya ne zai gani a komarsa. Kada ka ɗauka kogin ba ya gajiya: a watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, ya daina gudana a Yamai.