Ɗana ya fi son bos a kan jarumi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 14, kuma duk fim ɗin da muka kalla bayan bos yake bi. Ya haddace maganganunsa, har dariyarsa yake kwaikwaya, in aka kashe shi a ƙarshe sai ransa ya ɓaci. Wannan ba alamar lalacewar tarbiyya ba ce kuwa?
Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki tukuna. Masu shirya fim da gangan suke gina bos yadda zai shiga ran mai kallo, domin in mugu ya zama lusari, nasarar jarumi ba ta da armashi.

Duba Gabbar Singh na fim ɗin Indiya Sholay, wanda ya fito a 1975, Amjad Khan ya hau matsayin. An daɗe ana ambaton sunansa cikin tsoro kafin a nuna shi, kuma da aka tashi nunawa, takalminsa aka fara haskawa yana taku a kan duwatsu. Yaransa uku sun dawo ba nasara. Ya karɓi bindiga mai harsashi shida, ya harba uku a iska, ya juya gidan harsashin yadda ba a san inda sauran ukun suke ba, ya ɗana wa kowannensu a ka ya ja kunama, duk suka tsira. Ya tuntsire da dariya, suka taya shi, sannan ya harbe su. Jinkirin fitowa, murya ta daban, barkwanci gauraye da barazana, da rashin sanin abin da zai yi nan gaba, su ne ke kama zuciya. Shi jarumi an ɗaure shi da dokokin kirki, tun farko an san inda zai dosa. Farin jinin Gabbar ya kai har kamfanin Britannia ya sa shi tallar biskit.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Gizo maƙaryaci ne, mazambaci, ga haɗama, amma a dandalin tatsuniya shi yara ke jira.

Inda za ki sa ido shi ne abin da yake so a jikin bos ɗin. Bayan kallo, cikin hira ba tuhuma ba, tambaye shi me ya burge shi. In ya ce iya magana, wayo, shiga ko ƙwarewar ɗan wasan, gwaninta yake yabawa. Sai ki bi da tambaya ta biyu: wanda aka zalunta fa, ya ya gan shi? In ya nuna tausayi, babu damuwa. Amsar da ke buƙatar zama ita ce “ai shi ya ja wa kansa”, musamman in kin ga ya soma gwada tsawar bos a kan ƙannensa ko abokan makaranta.

Wani lokacin laifin na fim ɗin ne. Idan aka ba mugu mota, kuɗi da kiɗa mai daɗi, aka nuna waɗanda ya kashe a daƙiƙa biyu ba suna ba dangi, yaro ba ya ganin ɓarnar, ƙyalƙyalin kawai yake gani. Irin wannan ki zauna ku kalla tare, ki riƙa tambayarsa wa mamacin ya bari a gida. Hana kallo kwatakwata ba ya cika aiki a wannan shekarun, sai dai ya koma kallo a wayar aboki inda ba kya nan.