Faslin Daji na Amurka: Zai Yi a Gonakinmu?

Tambaya: Wani mai noman karas a Kura ya ce an nuna masa hoton wani tsiro mai suna Cymopterus, ana ce masa faslin daji, ɗan uwan karas ne kuma ba ya jin fari. Yana so ya san ko ya nemi irinsa.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka. Gaskiya ne danginsu ɗaya da karas, da fasli da seleri (ganyayen da ake sa wa abinci don ƙamshi), amma gidansa busassun tuddai ne na yammacin Amurka, irin su jihohin Yuta, Nebada da Kolorado. Gajere ne, ganyensa kwance a ƙasa, saiwarsa doguwa mai kauri. Da zarar ƙanƙara ta narke, wajen Maris zuwa Mayu, sai ya tsiro ya yi fure, zafi na shigowa ya bushe ya koma ƙarƙashin ƙasa. Wato ba jure fari yake yi ba, guje masa yake yi. Irinsa kuma sai ya kwana makonni cikin sanyi mai tsanani da laima kafin ya fito. Hunturun Kano bai kai wannan ba. Mutanen Nabaho, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, sun daɗe suna cin saiwa da ganyen wasu nau'o'insa, amma daga daji suke tonowa, ba amfanin gona ba ne.

Tambaya: Wani makiyayi ya ce ya ji tsiron yana cutar da tumaki.

Amsa: Haka ne, kuma nan ne na fi so mu tsaya. Nau'in da ake kira Cymopterus watsonii ya wahalar da masu tumaki a Yuta da Nebada. Yana ɗauke da wani sinadari da ke sa fata ta kasa jure rana. Tunkiya ta ci ko ta goga jikinta, rana ta buga, sai hanci, leɓe da hantsa su kumbura su yi bororo. Saboda zafin hantsar sai ta hana ɗanta tsotso, yunwa ta kashe shi. Maganin farko shi ne a janye garken daga wurin, a sa waɗanda suka kamu a inuwa.

Tsiron babu shi a nan, amma irin wannan sinadarin yana cikin seleri da fasli da ake nomawa a Jos. Mai girbin seleri da rana tsaka, hannu a jiƙe, yana iya ganin fatarsa ta yi ja ta tashi, musamman idan ganyen ya fara ruɓewa. Ku sa safar hannu da riga mai dogon hannu, ku yi girbi da sassafe ko da yamma, ku wanke hannu da sabulu kafin ku shiga rana.

Tambaya: Wata mai lambun bayan gida ta ce ta shuka fasli, kwana goma shiru.

Amsa: Hajiya, kada ki tone. Jinkiri halin dangin nan ne. Karas kan fito cikin mako ɗaya zuwa uku, fasli kan kai mako huɗu. Ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, ki shuka sama-sama, ki rufe da busasshiyar ciyawa, kada ƙasar ta bushe. Idan irin ya wuce shekara 2 a ajiye, ki sayi sabo.