Agwagwar da wuyanta ya saki: ki fara da ruwan gishiri da sukari, ki bar ja da yalo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Agwagwa ta kwana biyu ba ta ci ba, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, wuya ya saki tana kifa baki a ƙasa, kina tambaya me za ki ba ta ta ci, kuma ko ki fasa mata kafso ja da yalo. Sak abin da ya same ni daminar bara waccan ke nan. Agwagi bakwai gare ni, uku suka rage.

Kafin komai ki tashi yanzu ki ɗauke kwanon ruwa daga gabanta. Na san mun saba cewa agwagwa ba ta rabuwa da ruwa, amma wadda ba ta iya ɗaga kai ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma yana kashe ta. Haka na rasa Fara, uwar garkena, wadda na raina tun tana 'yar tsako. Da magariba na ga jikinta ya mutu, na sa ta a kwali a ɗakin girki, na ajiye mata ruwa a roba don kada ƙishirwa ta dame ta cikin dare. Har na tashi ƙarfe biyu na haska ta da fitila, idonta rabi a rufe amma tana numfashi. Da asuba na tarar da kanta cikin robar. Na ɗauke ta jikinta da sauran ɗumi, na yi ta girgiza ta, na hura mata baki, ina kiran sunanta. Ƙaramar 'yata ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ko barci take yi. Ƙwai 14 take kwance a kai, saura kamar kwana goma su fashe. Na sa su ƙarƙashin kaza, amma kin san kaza kwana 21 ta saba, na agwagwa kuwa sai 35, ta tashi ta bar su, ko ɗaya bai yi ba. Har yau idan na ga robar nan raina ɓaci yake, na kasa jefar da ita kuma na kasa amfani da ita.

Sai da ta uku ta kwanta na kai ta asibitin dabbobi. Likitan yana ɗaga wuyanta ya saki, ya tambaye ni ko suna shiga kwata ko kududdufi. Ya ce guba ce da ake kira botulizim, wata ƙwayar cuta ke fitar da ita a cikin mushe da ruɓaɓɓen abu, tsutsotsin da ke cin mushen su tara ta a jikinsu, agwagwa ta caccake su, jijiyoyinta su mutu daga ƙafa zuwa fiffike zuwa wuya. Ya ce kafso ba ya karya gubar da ta riga ta shiga jini. Ni kuwa mai kemis ya riga ya sayar mini da ja da yalo, na ɗura wa biyu, ɗaya ma ta shaƙe a hannuna.

Da na dawo na bi lambatun bayan gidanmu, sai ga matattun kaji guda biyar an cusa a buhu, tsutsa na ta tafasa. Maƙwabcinmu ne, kajin gidan gonarsa ke mutuwa, maimakon ya haƙa rami ya binne ko ya ƙona sai ya riƙa aiko yara da dare. Maigidana ya yi masa magana cikin mutunci, buɗar bakinsa sai ya ce mai son agwagwarsa ya ɗaure ta. Ko sannu bai ce ba. Matarsa da muke biki da suna tare ta daina gaishe ni, wai na tona musu asiri. Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya fa. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Ke ma ki zagaya yau, ki duba kwata, bayan tukunyar ruwa, ƙarƙashin itacen girki, ko mataccen ɓera ne ki kwashe ki binne, ki kulle sauran kada su fita.

Ga yadda na yi jinyar ta ukun har ta tashi. Na keɓe ta a inuwa, na shimfiɗa buntun shinkafa, na naɗe tsohon zani na tokare mata ƙirji da wuya don kai ya ɗan ɗagu. Ruwan gishiri da sukari irin na yara: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da sirinji marar allura, ta gefen baki, ɗigo-ɗigo, duk bayan awa biyu. Kada ki tsiyaya a tsakiya, akwai ƙofar numfashi a gindin harshe. Idan kin ɗiga ba ta haɗiye ba, ki dakata, kada ki matsa. Ki riƙa goge mata ido da hanci da jiƙaƙƙen tsumma tunda ba ta iya tsoma kai, ki kore ƙuda daga gindinta.

Abinci kada ya dame ki yau. Tawa sai rana ta uku ta fara motsa wuya, na ba ta koko mai ruwa-ruwa marar yaji, daga baya dafaffen ƙwai da na marmasa, sannan abincin 'yan tsaki jiƙaƙƙe da yankakken ganyen zogale. Busasshiyar dusa tukuna, tana maƙale musu. Kuma don Allah ki sunsuna dusarki, da damina tana yin fumfuna a ƙasan buhu, gubar fumfuna kuwa ta fi yi wa agwagwa illa fiye da kaza. Ranar da ta miƙe ta yi taku huɗu ta faɗi, wallahi kuka na yi.

Kada kowa ya ce ki yanka kafin ta mutu a ci. Kuma idan kika ga kaji ma suna zubewa lokaci guda, kai ya kumbura, tukku ya yi baƙi-baƙi, wannan ba maganar jinya a gida ba ce. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna take dawowa, ki sanar da likitan dabbobi su ɗauki samfur a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, yara kuma kada su taɓa. Ko yanzu ma in da hali ki kai ta a duba, ni jinkirin da na yi ne ya ci mini huɗu.

Ki gaya mini kalar kashinta, da ko tana iya ƙifta ido. Wayata na hannuna har dare. Allah ya ba ta lafiya.