Amsa ga ɗan'uwan da ya haɗa mota yake tambaya kan haraji

Salamu alaikum. Malam, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce ka sayi gwangwanin Hilux, ka sa mata inji, an yi maka bodi don ɗaukar kayan sana'a, shin za ka iya cire kuɗin duka daga ribar da za a ɗora wa haraji? Ramin da na faɗa kenan a 2022.

Tawa Kanta ce, irin motar nan ta ɗaukar kaya. Na saye ta ba inji, na je Kofar Ruwa na haɗo inji da sifirin da ƙarafa, na kai wa wani mai walda a garinmu, wanda kuma surukin yayana ne. Riɗi da zoɓo nake ɗauka daga Maigatari ran Alhamis da Gujungu ran Lahadi, in kai Dawanau. Duk kuɗin hannu da hannu na ba shi. Wa zai ce surukin gidansu ya rubuta masa rasit?

Da na tashi neman takardar shaidar biyan haraji saboda wata 'yar kwangila, na lissafa duk abin da motar ta ci na cire daga ribar shekarar. Ma'aikacin harajin bai yi min wulaƙanci ba, tsakani da Allah. Tambaya ɗaya ya yi: ina takardu? Na koma wajen mai waldar nan. Ina tsaye cikin rana, yana zaune kan tsohuwar taya yana cin rake, yaransa suna kallona. Na ce ya rubuta min abin da ya karɓa. Ya tofar da ɓawon raken ya ce, "Alhaji, so kake ka jawo min 'yan haraji shago?" Na roƙe shi, ni da furfurata. Daga baya ya aiko yaro wai in ba da dubu hamsin zai rubuta, kuma rabin kuɗin kaɗai zai sa. Mutumin da ya riƙe min mota wata biyar, ya sa min ƙarfen da bai kai ba har bodin ya tsage a hanyar Gumel da buhu a kai! Sau uku na je. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure, gaisuwa ce kawai don darajar yayana.

To ga abin da na koya, da tsada. Mota ba kamar mai ko kuɗin lodi ba ce da ake cirewa gaba ɗaya a shekarar. Kadara ce, kaɗan-kaɗan ake cire kuɗinta. A sabuwar dokar da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kashi 25 cikin ɗari ne duk shekara. Inji da bodin da ka gina suna cikin kuɗin kadarar. Amma juye da faci da gyaran burki na yau da kullum, waɗannan a shekararsu ake cirewa, in akwai rasit.

Kuma don Allah kar ka ce duk na sana'a ce in kana kai iyali unguwa da ita. Rabon sana'a kaɗai za a yarda da shi. Na ga ka ambaci sifiku da fitilun ado da rim mai ƙyalli. Wane buhu suke ɗauka? Ni ma na sa an zana min dawisu a ƙofa, ban ma yi gigin kai lissafinsa ba.

Takardun motar su zama da sunanka ko sunan kasuwancin, ba na mai ita na farko ba, kuma ka duba ta kwastam. Kuɗi ka tura ta banki. Ka ɗauki hoton aikin tun tana ƙarfe. Ni yanzu littafin makaranta mai layi nake ajiyewa a dashbod, direba ya rubuta duk fita, in bai rubuta ba ba kuɗin abinci.

In ba kamfani ka yi wa rajista ba, harkarka da hukumar harajin jiha ce, kuma kafin ƙarshen Maris ake kai lissafi. Ka fara duba ribar ma tukuna, don naira dubu 800 na farko a shekara yanzu ba haraji a kansu. Kar ka biye wa masu tsayawa bakin ofis suna cewa za su gyara maka komai, ka shiga ciki da ƙafarka.

Af, sifirin nawa aka ƙara maka a baya? Hilux ba Kanta ba ce, in ka cika mata lodi shasi ne zai lanƙwashe. In mai waldarka bai gama aikin ba, kar ka cika masa ragowar kuɗinsa sai rasit na hannunka.