Sugan 'yata ya fara hawa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 12 tana da ƙiba. An gwada jininta da safe kafin ta karya, aka samu 108. Likita ya ce ciwon suga bai kama ta ba, amma yana bakin ƙofa. Wuyanta kuma ya yi baƙi, kullum ina dirzawa ya ƙi fita. Daga wata uwa, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki. A gwajin safe, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Sai an kai 126 kuma an sake tabbatarwa ake kiransa ciwon suga. Yara da dama suna komawa daidai idan gida ya sauya hali.

Ki ajiye soson nan. Baƙin wuyan ba dauɗa ba ne, alama ce cewa jikinta ba ya jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Maganinsa na farko motsi ne, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini ko da insulin kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki.

A nan muke kuskure da 'ya'ya mata. Namiji yana fita ƙwallo, ita kuwa daga boko sai Islamiyya a Keke Napep, ta dawo ta rungumi waya, an ce ta girma. Minti 60 ɗin ba dole a yi su a jere ba. Ta taka zuwa Islamiyya tare da ƙawayenta, ta yi tsallen igiya ko 'yar gala-gala a tsakar gida bayan la'asar, ranar Asabar ku zaga Murtala Square tare. Ta fara da minti 15, a riƙa ƙarawa.

Kada ki hana ta abinci, tana kan girma. Lemon kwalba za ki fara cirewa, ƙarama ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, sannan ki rage na zoɓo da shayi. Kowa a gidan ya bi, kuma a hana 'yan'uwanta kiranta lukuta.

Ki buɗe littafi kina rubuta nauyinta duk wata, ki mayar da ita gwaji ranar da likita ya sa. Amma idan kika ga yawan ƙishirwa, yawan fitsari, fitsarin kwance ko rama ba dalili, ranar nan ki kai ta asibiti, ko Barau Dikko ko mafi kusa da ku.