Shin Faɗuwar Bagadaza Ce Ta Kashe Fitilar Ilimi?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa tun ranar da Mongol suka ci Bagadaza ilimi ya mutu a ƙasashen Musulmi. Ina gaskiyar wannan magana? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Malam ɗalibi, ɓarnar ta auku, kuma mai girma ce, amma maganar mutuwar ilimi akwai ƙarin gishiri a cikinta.

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 1258, wato 656 bayan Hijira, Hulagu, jikan Jengis Khan, ya yi wa birnin ƙawanya, kuma ba a cika mako biyu ba birnin ya miƙa wuya, ranar 10 ga Fabrairu. An yi kwanaki ana kisa da wasoso, an ƙone masallatai da ɗakunan littattafai. Halifa Musta'asim kuwa, an ruwaito cewa a cikin darduma aka naɗe shi, dawakai suka tattake shi, domin Mongol suna camfa zubar da jinin sarauta a ƙasa. Zancen da ake yi cewa ruwan kogin Dijla ya koma baƙi saboda tawadar littattafai, ni dai ina ɗaukarsa a matsayin kwatancen girman asara.

Sai dai ka sani cewa Bagadazan da ta faɗi ba ita ce ta zamanin Haruna Rashid ba, domin tun shekarar 945 da Buwaihawa, wasu sarakuna daga ƙasar Farisa, suka shiga birnin, iko ya riga ya kuɓuce daga hannun halifofi.

Abin da ya juya akalar tarihi ya faru ne bayan shekara biyu. Mongol sun ci Halab da Dimashƙa, suka aika wa Sarkin Masar Ƙutuz takardar barazana, shi kuwa ya sa aka fille kawunan manzannin, aka rataye su a Ƙofar Zuwaila a Alƙahira. A daidai lokacin Hulagu ya riga ya ja da baya da mafi yawan rundunarsa bayan rasuwar yayansa Mongke, babban sarkin Mongol, ya bar kwamandansa Kitbuga da ragowar mayaƙa. Ranar 3 ga Satumba 1260, cikin watan Ramadan, Mamlukawa, wato mayaƙan Masar da Ƙutuz ke jagoranta, suka murƙushe su a Ainu Jalut ta ƙasar Falasɗinu. A shekarar 1261 Baibars, wanda ya gaji Ƙutuz a sarautar Masar, ya naɗa wani ɗan gidan Abbasiyawa halifa a Alƙahira, sarautar da ta ɗore, ko da yake a suna kawai, har 1517.

Daga nan Alƙahira da Dimashƙa suka zama matattarar malamai. Ibnu Khaldun a Alƙahira ya rasu a 1406, Ibnu Hajar a 1449, Suyuɗi a 1505, kuma wannan na ƙarshen har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas. Hatta shi kansa Hulagu, a ƙarƙashinsa Nasiruddin Ɗusi ya kafa cibiyar nazarin taurari ta garin Maraga, cikin ƙasar Iran ta yau, a 1259, ɗan jikan Hulagu kuwa, wato Gazan, ya musulunta a 1295.